Yadda falon tayil ke cinye zurfin sauti a sababbin gidajen Kafanchan

Daga tsakiyar watan Disamba, hanyoyin da suka tashi daga Abuja zuwa kudancin Jihar Kaduna kan cika da motocin ma'aikatan gwamnatin tarayya masu komawa gida hutun ƙarshen shekara. Wasu su bi ta Keffi su ɓulle Kwoi, wasu su zaga ta Akwanga da Gwantu, kowa da kayan da ya tanadar wa gidan da ya shafe shekaru yana ginawa da albashi da adashi. A cikin kayan ba a cika rasa na sauti ba: amfilifaya da lasifika biyu, ko kuma saitin nan mai ƙananan lasifika biyar da wufa, wanda aka sayo a kasuwar Wuse ko aka yi saƙonsa daga Alaba ta Legas.

Gidajen kuwa, a Kafanchan suke ko Kagoro ko Zonkwa ko Manchok, zubinsu kusan ɗaya ne. Ƙasa tayil, bango filasta da fenti mai sheƙi, silin na roba ko na farar ƙasa, manyan tagogin gilashi, kujeru a jingine da bango kewaye da falo, sannan talabijin a manne da bangon gaba, lasifika na maƙale a gefensa dama da hagu.

Idan aka kunna, ƙara akwai ta, har maƙwabta su shaida. Abin da babu shi ne zurfi. Mawaƙi da 'yan amshi da makaɗa duk a jere suke a layi ɗaya kamar hoton da aka liƙa a bango, babu na gaba, babu na baya. Mai gida yakan ji cewa akwai abin da ya rage, sai ya ɗora wa kayan laifi, ya fara lissafin sayen amfilifaya mafi ƙarfi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin kayan lantarki na waje ya bi ta. Ga ma'aikacin da mafi ƙarancin albashin ƙasarsa ke naira 70,000 tun Yulin 2024, sayen abin da ba zai magance matsalar ba asara ce babba. A mafi yawan falukan nan, ɗakin ne da mazaunin lasifika ke cinye zurfin, kuma gyaransu ya fi bukatar awo da haƙuri a kan kuɗi.

Yadda kunne ke auna nisa

Masana sauti suna kiran filin da kiɗa ke bayyana a gaban mai sauraro da sunan dandamalin sauti. Yana da faɗi, daga hagu zuwa dama, yana kuma da zurfi, daga gaba zuwa baya. Faɗi ba shi da wuyar samu, lasifika biyu da aka raba sun isa. Zurfi ne mai wuyar sha'ani, domin lasifika biyun a layi ɗaya suke, babu wata a baya da za ta fitar da muryar na baya. Ƙwaƙwalwa ce ke gina shi daga wasu alamu da ta saba da su tun yarinta.

Mutanen wannan yanki sun san alamun, ko da ba su taɓa ba su suna ba. Wanda ya taɓa halartar bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairun kowace shekara ya san yadda ake rarrabe ayarin makaɗan da ke gabansa da wanda ke tafe daga nesa, ko da ido a rufe. Na kusa yana da kaifi, ana jin saukar hannu a kan fatar ganga. Na nesa ya yi laushi, ya gauraya da amon da fili da gine-gine ke maido wa.

Alama ta farko ita ce ƙarfi. A fili buɗaɗɗe, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti kan ragu da desibel 6. Ta biyu ita ce kaifi, domin iska ta fi cin siririn sauti a kan mai kauri. Mai tafiya zuwa magangarar ruwa ta Matsirga, kusa da Kafanchan, rugugi yake fara ji daga nesa, sai ya matso sannan tsatsar feshin ruwan ta bayyana. Ta uku, wadda ta fi duka muhimmanci a cikin gini, ita ce yawan sautin da ya iso kunne kai-tsaye idan aka gwada shi da wanda ya daki bango ya dawo. Mai jagorar waƙa a gaban majami'a, muryarta tana isa ga na layin farko kusan tsantsarta. Matan Zumunta da ke can baya da tulu da caki, rabin abin da ake ji daga gare su amon ginin ne. Daga wannan gauraye kunne ke yanke hukuncin wa ke kusa, wa ke nesa.

Duk waɗannan alamu suna shiga makirufo idan an ɗauki sauti da kyau, suna nan kwance a cikin faifai. Sai dai siraran abubuwa ne, ƙarfinsu bai kai na murya da ganga ba, don haka su ne farkon abin da ke ɓacewa idan ɗakin sauraro ya yi hayaniya.

Daga tashar Hayes zuwa mahaɗar Kafanchan

Dabarar sa lasifika biyu su zana fili a gaban mutum ta samo asali ne daga wani injiniyan kamfanin EMI na Ingila mai suna Alan Blumlein, wanda ya shigar da takardar mallakar fasahar a watan Disambar 1931. A 1934 ya gwada ta da ƙungiyar makaɗa a situdiyon Abbey Road da ke Landan. A 1935 kuma ya ɗauki wani gajeren fim na jiragen ƙasa suna wucewa ta tashar Hayes, domin a ji jirgi yana tasowa daga gefe guda, ya ratsa, ya nisanta ta ɗaya gefen. Bai ga yaɗuwar aikinsa ba, domin ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1942, faifan sitiriyo kuma bai shiga kasuwa sosai ba sai 1958.

Misalin da Blumlein ya zaɓa ba baƙo ba ne a Kafanchan, garin da layin dogo ya raya. A nan ne layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurdi ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos a 1927. Dattawan da suka girma kusa da tashar suna iya faɗin nisan jirgi daga kukansa kawai. Abin da mai saitin sauti ke nema a falonsa ke nan: kunne ya iya cewa wannan yana kusa, wancan yana can ciki.

Ƙa'idar da aka gada daga wancan zamani ba ta sauya ba. Lasifika biyu da kan mai sauraro su zama kamar duwatsun murhu uku, tazarar da ke tsakanin kowane biyu daidai take. Duk faifan sitiriyo da aka haɗa a situdiyo, a kan wannan zama aka auna shi.

Laifin falo

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A falo mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, idan mai sauraro yana mita biyu da rabi daga lasifika, sautin da ya bi ta bangon gefe kan ƙara tafiyar mita ɗaya ko makamancin haka, ya iso bayan na kai-tsaye da kashi uku kacal cikin dubu na sakan. Wani masani Bajamushe, Helmut Haas, ya nuna a binciken da ya yi a 1949 cewa kunne ba ya jin irin wannan a matsayin amsa-kuwwa. Haɗe shi yake yi da sautin farko, ya zama abu ɗaya mai sauyayyen launi.

Nan gizo ke saƙa. A babban zaure ko majami'a, sautin da ya daki bango yakan ɗauki kashi ashirin cikin dubu na sakan, ko fiye, kafin ya dawo, kuma wannan jinkiri ne ke gaya wa kunne cewa wurin yana da girma. Idan faifai na ɗauke da wannan labari, amma bangon falo ya riga shi magana, kunne zai gaskata falon. Zauren da aka ɗauki waƙar a ciki sai ya tsuke ya koma girman ɗakin.

Sai kuma daɗewar amo. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka, wanda aka gina zauren kiɗa na birnin Boston bisa lissafinsa a 1900, shi ne ya gano cewa tsawon lokacin da amo ke ɗauka kafin ya mutu ya dogara ne da girman ɗaki da yawan abin da ke shan sauti a cikinsa. Tayil da filasta ba sa shan ko kashi biyar cikin ɗari na sautin da ya same su, sauran duk maido shi suke yi. Ɗakin sauraro mai kyau ana son amonsa ya mutu a ƙasa da rabin sakan. Falon tayil maras kafet da labule yana iya haura sakan guda. Gwajin ba shi da wuya: a tsaya a tsakiyar falo a tafa hannu sau ɗaya. Idan aka ji wata ƙara mai karkarwa tana kai-komo tsakanin bango da bango, to ɗakin yana sa baki a duk waƙar da aka kunna.

Abin lura, tsohon falon iyaye, mai kafet daga bango zuwa bango, da labule mai kauri, da kujerun soso, da kabad cike da littattafai da kwanuka, ya fi sabon gini daɗin sauti. Tayil ya zo da sauƙin shara da sanyin ƙafa a lokacin zafi, amma ya tafi da wani abu da ba a lura da shi ba sai an kunna kiɗa.

Gyaran da ba ya cin ko sisi

Matakin farko shi ne raba lasifika da bango. A janyo su gaba da kimanin santimita 60 zuwa mita ɗaya, a kuma nisanta su da bangon gefe da aƙalla rabin mita, kada tazarar baya da ta gefe su zo daidai. Wannan kaɗai yakan sa mawaƙi ya bar fuskar akwatin ya koma tsaye a sararin da ke bayansa. Akwai abin kiyayewa, domin sauti mai kauri da ya koma baya ya daki bango yana dawowa ya kashe wani sashe na kansa. A tazarar santimita 86, alal misali, sautin da ke kaɗawa sau 100 a sakan ne ke raunana. Saboda haka ba a yin aikin da ka. A matsa da santimita goma, a saurara, a sake matsawa, har a sami inda zurfi ya buɗe ba tare da ganga ta rame ba. In an samu, a sa alama da ɗan salatif a kan tayil, yadda ko an ture kayan don shara ko don baƙi, za a iya maido su mazauninsu.

Na biyu, awo da tef. Tazarar lasifikar hagu zuwa kujera ta zama daidai da ta dama. Bambancin santimita goma ya isa ya karkatar da murya gefe guda, na santimita 34 kuwa yana iya tattara kusan komai ya zuba a lasifika ɗaya. Mita biyu zuwa biyu da rabi tsakanin lasifikan ya wadatar a falo matsakaici. Sannan a ɗan juyo fuskarsu su kalli kujerar. Idan an juyo su da yawa, tsakiya kan yi kaifi amma faɗi ya ragu, idan ba a juyo ba sam, tsakiyar kan yi rami.

Na uku, tsayi. Ƙaramin bakin da ke saman akwati, mai fitar da siririn sauti, ya yi daidai da kunnen mutum a zaune, wato kusan mita ɗaya daga ƙasa. Ƙananan lasifika suna bukatar ƙafa mai nauyi da ba ta rawa, wadda kowane mai walda a garin zai iya haɗawa, a cika bututunta da yashi busasshe. Cusa su cikin kantar talabijin ko rataye su a kusurwar silin, kamar yadda ake yi a shaguna, kashe zurfi ne tun kafin a fara.

Na huɗu, kujera. Mai zama da ƙeya a jikin bango yana shan sautin dawowa a kusa da kunnensa. A janyo kujera ɗaya, ko da rabin mita ne, amma kada ta sauka a tsakiyar ɗakin cif, domin a nan sauti mai kauri ke yin rauni. Matsowa kusa da lasifika ma dabara ce, tunda yana ƙara rabon sautin kai-tsaye, ya rage na ɗaki. Teburin gilashi da ke tsakanin kujera da lasifika madubin sauti ne, gara a kawar da shi ko a lulluɓe shi da zane mai kauri lokacin sauraro. Talabijin ma haka, ya zama yana bayan layin fuskar lasifika.

Na biyar, waya. Ja zuwa ja, baƙi zuwa baƙi, a amfilifaya da kuma lasifika. Idan aka juya ta gefe ɗaya, bakin wannan na turawa gaba lokacin da na wancan ke ja baya, sai murya ta watse ta rasa mazauni, kauri kuma ya zube. Muryar mutum ɗaya tilo, mai karanta labarai ko mai karatun Alƙur'ani ko mai wa'azi, ita ce ma'auni. In komai ya daidaita, za a ji ta tsaye a tsakiya kamar akwai lasifika ta uku da ba a gani.

Na ƙarshe, maɓallan gyaran sauti. Al'adar ɗaga kauri da kaifi har ƙarshe, a danne tsakiya, tana binne muryoyi tare da siraran amon da ke bayansu. A mayar da su sifili, a kashe maɓallan da ke ƙara amon bogi na zaure ko filin wasa. Mai saitin lasifika biyar kuma ya zaɓi tsarin sitiriyo idan waƙa zai ji, ya bar biyun gaba da wufa su yi aikin.

Abin da kafinta da tela za su iya

Bayan an gama da mazauni, sai a koma kan ɗakin. Ba duk bango ake rufewa ba, wuraren da sauti ke fara dukawa kafin ya iso kunne ake nema. Mutum ɗaya ya zauna a kujerar sauraro, wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe daidai tsayin kunne. Duk inda na zaune ya hango lasifika a cikin madubin, nan ne wurin. A yi haka dama da hagu.

A waɗannan wurare ake sa abin da ke shan sauti, kuma kauri ne sirrinsa. Firam na katako mai santimita 60 da 120, da aka cika da audugar gilashi ko ta dutse irin ta masu gini, kaurin santimita biyar zuwa goma, aka lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa, ya fi komai aiki. Ana iya yi masa riga da saƙi ko atamfa ya zama ado. In taga ce a wurin, labule mai nauyi da aka yi wa ninki sosai, faɗin yadinsa ya ninka na tagar, zai wadatar. A ƙasa kuma, tsakanin lasifika da kujera, a shimfiɗa kafet mai kauri. A bangon baya, kantar littattafai masu bambancin girma tana warwatsa sauti maimakon ta maido shi dunƙule.

Kwalin ƙwai da ake gani a manne a wasu ƙananan situdiyo ba shi da kaurin da zai yi wani abin kirki, ga shi makamashin gobara. Siririn soso ma siririn sauti kawai yake sha, ya bar ɗaki da ɗumi maras daɗi. Haka nan wuce gona da iri illa ne, domin ɗakin da aka kashe amonsa gaba ɗaya yana gajiyar da kunne, hira ma ba ta daɗi a cikinsa.

Shiru, wuta da kayan gwanjo

Tunda alamun zurfi siraran sauti ne, duk wata ƙara da ke cikin gida tana rufe su. Janareta a bayan taga, fankar sama, firiji a lungun falo, gurnanin sitabilaiza, kowanne na cin rabonsa. A damina, wadda a wannan yanki kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwa a kan kwano shi kaɗai ya isa ya shafe komai, sai a gidan da aka shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, wanda ke rage ƙarar ruwan ma. Nisanta janareta daga mita biyar zuwa goma yana rage ƙararsa da kusan desibel 6, kuma yana nisanta hayaƙinsa mai kisa daga ɗakunan kwana. Masu sola da batir sun fi kowa morewa, muddin na'urar juya wutar tasu mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce, domin mai arha takan sa amfilifaya zuza.

Ƙara murya don a rinjayi hayaniya ba mafita ba ce. Yana tayar da amon ɗaki, yana kuma cin kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 na tsawon awa 40 a mako a matsayin iyakar da babba zai saurara lafiya, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Jin siririn sauti ne ke fara tafiya idan kunne ya lalace, shi ne kuma ake bukata wajen gane nisa.

Tsofaffin kayan gwanjo irin su Technics da Pioneer da Kenwood da Sansui da Yamaha suna da kyau, da yawansu sun fi sababbin masu walƙiya. Amma a duba bayan akwati kafin a jona. Wutar Najeriya bolt 230 ce, kayan da aka yi don Amurka na 120 ne, na Japan kuma 100, kuma jona su kai-tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba ƙona su ne nan take. Zoben soso da ke kewaye da bakin tsohuwar lasifika yana ruɓewa da shekaru da zafi, ƙaramin bakin sama na gefe ɗaya yana iya mutuwa ba a sani ba, ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallin murya ta sa gefe guda ya fi ɗaya ƙarfi. Kowanne cikin ukun nan yana rusa daidaiton hagu da dama, kuma duk mai gyaran rediyo da ya san aikinsa zai iya magance su da kuɗi kaɗan. Wayar lasifika mai tsadar gaske ba ta cikin abin da ke gaba. Ta jan ƙarfe zalla mai matsakaicin kauri ta isa.

Abin da ba a zuba a faifai ba

Akwai iyakar da gyaran falo ba ya wucewa. Waƙoƙin zamani da yawa, na Kannywood da na majami'u da na Legas, a kwamfuta ake haɗa su. Kiɗan daga fiyano yake fitowa kai-tsaye, mawaƙi na manne da makirufo, 'yan amshi kuma ɗaya bayan ɗaya ake ɗaukarsu a wuri guda, sannan a matse sautin duka domin ya yi ƙara a waya da cikin mota. Irin wannan ba shi da gaba da baya tun asali, sai abin da mai haɗawa ya ƙirƙira da na'ura. Waƙar da aka tura daga waya zuwa waya, aka sake matse ta a matse, ko aka kwaso daga bidiyon WhatsApp, ta riga ta zubar da siraran amonta a hanya. Faifan CD na asali, ko fayil da ba a matse ba, da waya tsakanin na'ura da amfilifaya maimakon Bluetooth, su ne za su nuna gaskiyar saiti.

Don gwaji, a nemi abin da aka ɗauka mutane na tare a wuri ɗaya. Faifan Fela Kuti na shekarun 1970 misali ne, inda ake jin masu busa da 'yan amshi da makaɗa kowa a muhallinsa. Tsofaffin ɗaukar Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, duk da cewa da yawansu ba sitiriyo ba ne, suna koyar da darasi: ko daga makirufo ɗaya, a na Shata ana jin mawaƙin a gaba, kalangai da 'yan amshi a bayansa, a na Ɗanmaraya kuma ana jin ɗakin da kuntiginsa ke amsawa a ciki. Zurfi bai dogara da yawan lasifika ba, ya dogara da tazarar da aka bari tsakanin mutane da makirufo.

Wannan darasi ya shafi kudancin Kaduna kai-tsaye, yankin da waƙar taro ta yi ƙarfi, daga mawaƙan majami'u da Zumuntar Mata zuwa makaɗan Afan da na bikin Tuk Ham na Kwoi. Ma'aikatan Abuja ne sau da yawa ke ɗaukar nauyin faifan ƙungiyar mawaƙan garinsu, su ne kuma manyan baƙi ranar ƙaddamarwa. Suna da bakin da za su nemi a ɗauki ƙungiyar a cikin majami'arta, kowa a tsaye inda ya saba tsayawa, a lokacin da gari ya yi tsit. Makirufo biyu masu kyau sun isa. Tsarin da gidan rediyon Faransa ya fito da shi wajen 1960 har yau ana amfani da shi: tazarar santimita 17 tsakanin makirufon biyu, a buɗe su da digiri 110, a kafa su 'yan mitoci a gaban mawaƙa, sama da kai. Kuɗinsa bai kai na kwanakin da ake ɓatawa a situdiyo ana ɗaukar murya ɗaya-ɗaya ba, kuma abin da za a adana shi ne ƙungiyar yadda take, da harshenta na Tyap ko Jju ko Hyam, da amon ginin da take waƙa a ciki.

Ga mai shirin tafiya gida hutun bana da niyyar sauya amfilifaya, tsarin da ya fi tsare aljihu shi ne ya fara da tef ɗin awo da madubi, ya bi da kafet da labule, ya kai tsofaffin kayan wurin mai gyara a duba daidaiton hagu da dama, sannan ya nemo faifai mai kyau guda ɗaya ya zauna ya saurara da dare bayan an kashe janareta. In bayan wannan duka har yanzu mawaƙa na manne da bango, to a lokacin ne maganar sababbin kaya ta taso, kuma lasifika ce ta cancanci kuɗin kafin amfilifaya.